Yadda na sauƙaƙa ɗaga rufin ɗakin kwana na bayan akori-kura

A yammacin Amurka, a jihohi irin su Kolorado da Yuta da Kalifoniya, masu yawon daji suna ɗora wani ɗan ɗaki a bayan akori-kura, a ciki suke kwana su yi girki. Irin wanda nake magana a kai rufinsa a kwance yake yayin tafiya, don kada iska ta riƙa dukan motar. In an isa masauki sai a kwance ƙugiyoyin da suka riƙe shi, a shiga ciki a tura shi sama, bangon tamfol ya miƙe, mutum ya samu wurin tsayawa. Kamfanin Four Wheel Campers, wanda ya fara aiki a 1972 kuma yanzu yake garin Woodland a Kalifoniya, yana cikin waɗanda suka yi suna da wannan ƙira. Akwai masu famfon mai kamar na kamfanin Alaskan, akwai masu hannun juyawa. Nawa dai na turawa da hannu ne: allo mai naɗewa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne da dogon hinji mai sifirin a ciki.

Sifirin ɗin nan an auna shi ne daidai nauyin rufi ba komai a kansa. Da na ɗora farantin sola biyu masu wat 100, kowanne kusan kilo 7, da sanduna biyu na ɗaure kaya, da fankar rufi, sai ga ƙarin kusan kilo 25, kuma mafi yawansa ya taru a gaba, saman gado, inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye balle ya tura da ƙafafunsa. A durƙushe ake turawa, da kafaɗa da wuya. Nan ne ciwon baya yake samo asali.

Kafin in sayi komai sai da na auna, kuma wannan shi ne matakin da na fi ganin ana tsallakewa. Sikelin awon mutum na banɗaki ya isa. A baya abin da sauƙi: na hau sikelin na duba nauyina, na kwance ƙugiyoyi duka shida, na tura rufin har ya rabu da robarsa kamar faɗin yatsu biyu, wani ya karanta mini lambar, na cire nauyina daga ciki. A gaba kuwa na janye katifa, na shimfiɗa katako, na ɗora sikelin, na ɗora ƙaramin jak a kansa, sannan na sa guntun katako mai faɗi tsakanin jak da rufi. Dole katakon ya haye haƙarƙarin rufin aƙalla biyu. In kan jak ya faɗa tsakaninsu, soso ne kawai da siririn alminiyom a wurin, zai lotsa shi nan take. Gaba ya nuna kilo 41, baya 30.

Ba duk wannan ne nauyi ba, wani gogayya ce. Na wanke hinjin da buroshi, na fesa masa man feshi busasshe, ba giris ba, don giris tara ƙura yake yi ya zama kamar kunu. Robar da rufin ke zama a kai ta kan manne bayan 'yan makonni a rana, sai na goge ta da ruwan sabulu na shafa mata man silikon. Na kuma sassauta ƙarafan da ke ɗaure ɗakin da jikin mota na sake ɗaure su daidai wa daida, domin in ɗaya ya fi sauran tsauri yakan murɗa ɗakin kaɗan, allon ya riƙa cijewa. Haka nan in an ajiye mota a karkace. Sai farantin sola ɗaya da na matsar da shi zuwa tsakiya. Da na sake aunawa, gaba ya sauko 34, baya 27, ban kashe ko sisi ba in ban da kuɗin man feshi.

Akwai kuma maganar iska, wadda mutane ke mantawa. Rufina tsawonsa kamar mita 3 da rabi ne, faɗinsa mita 2, yana tashi santimita 58. Ke nan kusan mita kubik 4 na iska ce za ta shiga ɗakin cikin 'yan daƙiƙoƙi. In ƙofa da tagogi a rufe suke, kamar jan famfon keke ne da aka toshe bakinsa. A buɗe ƙofa kafin a tura. In za a sauke kuwa sai a rufe ƙofar a kunna fanka tana fitar da iska, za ta zuƙo tamfol ɗin ciki, ba zai maƙale a bakin rufi ba.

Kilo 34 a durƙushe har yanzu da yawa, shi ya sa na koma ga shokin gas, irin wanda ke riƙe murfin but ɗin mota, sai dai ya fi tsawo. Bututu ne cike da iskar naitirojin da ɗan mai, da sanda mai sheƙi da ke fitowa daga ciki. Suspa da Stabilus suna cikin sanannun masu ƙera shi. A Amurka da laba ake rubuta ƙarfinsa, a Turai da niyuton: laba 30 kusan niyuton 133 ke nan, laba 40 kusan 178, laba 60 kusan 267. Wannan lamba ƙarfinsa ce lokacin da ya kusa gama miƙewa, a zafin digiri 20. In an danne shi ƙarfin ƙaruwa yake yi, galibi da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari idan ya kai ƙarshe.

To amma ba a lambar gizo ke saƙar ba, a kwanciyar shokin yake. A waje ake ɗaura shi, a bangon gaba da na baya, kuma idan rufi yana ƙasa shokin kusan a kwance yake. Abin da ke kwance gefe yake turawa, ba sama ba. Rabon da ke zuwa sama ana samunsa ne in an raba tazarar tsaye da ke tsakanin kawunansa biyu da tsawonsa a wannan lokacin.

Ga yadda lissafina ya kasance. Shokin da na zaɓa inci 36 ne a miƙe, wato santimita 91 da ɗoriya, a danne kuma kusan 51, ana aunawa daga tsakiyar wannan kai zuwa tsakiyar wancan. Ba na so ya ƙure ta kowane ɓangare. In ya ƙure a sama, shi zai tsayar da rufi kafin allon ya kulle, tamfol ya zauna a sake. In ya ƙure a ƙasa, rufi ba zai zauna kan robarsa ba, kuma in aka matsa ƙugiya da ƙarfi sai maƙalin, wato ƙarfen da ke riƙe kan shokin, ya tsinke. Saboda haka na ɗauki 90 a matsayin iyakar sama. Inda ƙarfen firam yake a bangon gaba ya ba ni damar sa kan ƙasa santimita 12 ƙasa da kan sama idan rufi yana rufe. In ya tashi, 12 da 58 sun zama 70. 90 sau 90 ya ba da 8100, 70 sau 70 ya ba da 4900, saura 3200, tushensa kuwa, wato lambar da in aka yi ta sau kanta za ta ba da 3200, kusan 56 da rabi ne. Wannan ita ce tazarar gefe tsakanin kawunan biyu. Da ita, tsawon shokin a rufe ya kama kusan 58, ya wuce 51 da kyau.

Yanzu a duba abin da mai laba 40 zai yi a wannan zama. A rufe, 12 cikin 58 kashi ɗaya cikin biyar ne kawai. Ko da ƙarfinsa ya ƙaru saboda dannewa, kowanne bai wuce kilo 4 da rabi yake ɗagawa ba, biyun kilo 9. Sauran ƙarfin, fiye da kilo 20 kowanne, gefe yake tafiya, cikin maƙali da firam. In rufi ya tashi santimita 25, biyun suna ɗauke kilo 23. A can sama suna ɗauke kusan 29. Wato taimakonsu ya fi yawa a inda aka fi ƙarancin buƙatarsa, kuma babu yadda za a yi da wannan sai dai a rage shi. Da zan iya saukar da kan ƙasa zuwa santimita 16, da abin da biyun ke ɗagawa a rufe ya ƙaru zuwa kilo 13 ko 14, amma babu ƙarfe a wurin a bangona. A 20 kuwa lissafin ya rushe gaba ɗaya: tsawon a rufe zai zama 49, shokin ba ya dannuwa har can.

Kuskuren da na yi tun farko shi ne na ƙyale wannan lissafi na sayo masu laba 60, a tunanina mai ƙarfi ya fi. Rufin ya tashi kamar an harba shi, ya bugi allon da ƙara. Saukewa kuwa ta gagara, domin a sama biyun suna tura kilo 42, gaban rufin kuma 34 ne, ga sifirin ɗin hinji yana taya su. Sai da na ɗaura igiya na rataya a jikinta. Bayan mako biyu na ga maƙalin sama ɗaya ya fara karkata, sukurorinsa sun faɗaɗa raminsu, saboda dare da rana ƙarfin fiye da kilo 30 yana tura shi gefe ga girgizar hanya. Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Ƙa'idar da nake bi yanzu ita ce abin da biyun ke turawa a sama kada ya kai nauyin da sikeli ya nuna na wannan ɓangaren. Gaba na sa masu laba 40, baya masu laba 30, waɗanda ke tura kilo 21 a kan 27.

Kafin in huda ko rami ɗaya na yi gwaji da igiya mai ƙulli biyu, ɗaya a 52 ɗaya a 90. Na manna tef a inda kowane kai zai zauna, na ɗaga rufi na sauke sau uku ina dubawa. A nan na gano kan sama na hagu zai gogi ƙugiya, na matsar da duka biyun santimita 3 ciki. A duba kuma tsakanin bangon gaba da rufin motar kanta, domin ɗakin yana rausaya a hanya mai gargada, kada shokin ya riƙa taɓa fenti.

Biyu-biyu ake sa su suna fuskantar juna, don turawar gefe ta wannan ta kashe ta wancan. Guda ɗaya tak, ko biyu masu kallon gefe guda, za su riƙa karkatar da rufi har hinji ya lalace. A gaba na haɗa kawunan ƙasa a tsakiya kan faranti ɗaya na alminiyom mai kaurin milimita 5, kawunan sama suka buɗe zuwa kusurwa. Na fi son wannan zama, don farantin ne ke shanye rigimar da ke tsakaninsu, ba bango ba. A baya ƙofa ce a tsakiya da fitila a samanta, sai na juya tsarin: kawunan ƙasa a gefe da gefe, na sama suka haɗu a tsakiya.

Huda ita ce inda ake ɓarnar da ba ta gyaruwa. Fatar ɗakin siririn alminiyom ce, ba ta riƙe komai, dole maƙali ya kama bututun firam mai faɗin inci ɗaya da ke bayanta. Maganaɗisu ba ya kama alminiyom, don haka layin sukurorin da masu ƙira suka ɗaura na bi, na ƙwanƙwasa da bayan sukudireba ina sauraren inda sautin ya toshe, sannan na fara da ƙaramin baki mai milimita 2. In ya ratsa fata ya ci karo da ƙarfe, ya fito da ɓarɓashi mai sheƙi, an dace. In ya zurma cikin laushi ya fito da farin soso, a toshe ramin a matsa. Wayoyin fitilun saman ɗaki sukan bi ta gefen rufi na gaba, saboda haka na cire batir, na kuma naɗa tef a bakin injin huda a milimita 8 don kada ya zarce.

Sukuru mai cin kansa a bututu mai siririn bango ba ya daɗewa ƙarƙashin irin wannan turawa, shi ne abin da ya faru da maƙalina na farko. Inda hannu ke kaiwa ta ciki, na ratsa da bol mai milimita 6 na sa faranti da washa da noti mai roba a ciki. Inda ba ya kaiwa, na sa notin da ake matsewa kamar ribit. Bol ɗin na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, amma shi da alminiyom ba sa shiri in ruwa ya shiga tsakaninsu, balle ruwan gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara: alminiyom ɗin ne zai riƙa cinyewa ya zama farin gari. Na shafa wa zaren man hana cin ƙarfe, na shimfiɗa tef ɗin butil, mai danƙo mai hana ruwa shiga, ƙarƙashin kowane maƙali, na ɗaure har ya ɗan tsattsafo ta gefe, na zagaye da danƙon Sikaflex 221. Ban sa silikon na banɗaki ba, don in ya saki babu abin da zai sake kama wurin sai an kankare shi tas. A kan kowane maƙali akwai kusa mai kan ƙwallo na milimita 10, a nan kan shokin yake shiga.

Ana sa shokin ne rufi yana sama, allon a kulle, an kuma tokare da katako biyu masu kauri a ciki. Kada a dogara da allon kaɗai alhali hannu yana tsakanin rufi da bango. Tunda na bar santimita ɗaya da ɗoriya, sai an ɗan danne shokin kafin ya shiga, kuma laba 40 ba ta dannuwa da tafin hannu a saman tsani. Na zagaya masa igiyar ɗaure kaya mai ƙarfen matsewa ta tsawonsa, na sa tsumma a kawunan, na matsa kaɗan kaɗan har ramin ya daidaita da ƙwallon, na danna ya yi ƙas. A bayan kowane kai akwai ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai riƙe ƙwallon. In za a cire, ɗaga shi kawai ake yi da bakin sukudireba, ba a zare shi gaba ɗaya, in ya yi tsalle cikin ciyawa an rasa shi ke nan.

Sandar mai sheƙi ita ce a ƙasa, bututun a sama. Dalili shi ne ɗan man da ke ciki ya gangaro ya zauna kan robar bakin bututu. In aka juya, robar ta bushe, gas ya riƙa sulalewa, kuma za a rasa ɗan birkin da man ke yi a ƙarshen miƙewa. Sandar nan ba a kama ta da filaya, ba a yi mata fenti, ba a shafa mata giris. Ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yanka robar.

Da na gama na sake hawa sikeli. Turawar farko a gaba ta koma kilo 25, kuma tsawon taƙi ɗaya kawai take ɗauka. Daga nan nauyin yana zubewa da sauri, a rabin hanya hannu ɗaya ya isa, a ƙarshe sai dai a raka shi. Baya nake fara ɗagawa sannan gaba, wajen saukewa kuma gaba ne farko. Saukewar tana son a ja hannun allon da ɗan ƙarfi, sannan a tare rufin a taƙin ƙarshe, domin a nan shokin ya kwanta ya daina riƙewa, rufin yakan faɗo da nauyinsa. Yatsu su yi nesa da bakin.

Wanda kafaɗarsa ba za ta ɗauki ko wannan kilo 25 ɗin ba, akwai dabarar da masu irin wannan ɗaki suka daɗe suna yi: sandar ɗora lasifika mai hannun juyawa, irin ta masu kiɗan biki. A cire ƙafafunta, a sa mata faffaɗan katako a kai da roba a gindi, a kafa ta ƙarƙashin wurin turawa a juya. Ba huda, ba waya. Jak ɗin lantarki mai bolt 12 ma yana yi, amma ni ban bi ta nan ba. In biyu ne kuma ɗaya ya riga ɗaya, rufi zai murɗe. In an manta ƙugiya ɗaya a ɗaure, hannu zai ji ya tsaya, inji kuwa zai ci gaba har ya lanƙwasa firam. Ga kuma tambayar yadda za a sauke rufi ranar da batir ya mutu a daji.

Ƙugiyoyin ma sai da na sake saita su, don yanzu akwai abin da ke tura rufi sama ko ana tafiya. Kowacce ta kama da ɗan tauri, robar ta dannu kamar rabi. Bayan tafiyar farko ta kilomita 100 na bi duk notin da sifana, biyu sun ɗan saki saboda butil ya ƙara kwanciya.

Sanyi da zafi suna taɓa ƙarfin shokin, kusan kashi 3 da rabi cikin ɗari a kowane digiri 10. A safiyar da sanyi ya kai 10 ƙasa da sifili a duwatsun Kolorado, kashi 10 na ƙarfin ya tafi, tamfol ya sandare, ga dusar ƙanƙara a sama. Jiƙaƙƙiyar ƙanƙara mai kaurin santimita 5 a rufi mai faɗin nan tana iya haura kilo 100, babu shokin da aka auna don ita, a share ta kafin a ɗaga, a share ta kuma kafin a sauke. A zafin hamadar Arizona kuwa ƙarfin ƙaruwa yake yi, shi ya sa ratar da na bari tsakanin 29 da 34 take da amfani. Mai son sauke farantin sola ko sandunan kaya daga baya ya tuna rufin zai yi sauƙi, shokin kuma bai sani ba.

Ƙura nake gogewa daga sandunan da tsumma mai laushi kafin in sauke rufi, musamman bayan hanyar burji. Na rubuta ranar da na ɗaura su a jikin bututun, kuma duk farkon sanyi nakan maimaita awon sikeli. In lambar ta haura da kilo 4 ko 5, ko na ga mai yana tsattsafowa a bakin bututu, biyun wannan ɓangaren nake canjawa tare, don sabo da tsoho ba sa turawa daidai. Tsohon kuma ba a huda shi, ba a jefa shi a wuta, har yanzu da matsin gas mai yawa a cikinsa.